Inda Na Baro Iliya

Tun da na dawo daga Kanada ban samu sararin kaina ba. Da fari gaisuwar rashi ce a gidanmu na Tibiri, kullum a shimfiɗa tabarmi a naɗe. Amma na lura da wani abu. Mutum zai zauna ya ce, "Sannu da rashi, Allah ya ba da haƙuri," sannan ya matso ya rage murya: "Wai Yakubu, ƙasar tasu yaya take?" A babbar kasuwar Maraɗi haka, a bakin gonata ta Jiratawa haka, a ƙofar majami'a ranar Lahadi haka. Ban ga laifin kowa ba, ni ma da wani ne ya je da na tambaya. Sai dai na gaji da ba da labarin gutsure-gutsure, wannan ya ji na jirgi, wancan ya ji na dabba, a haɗu wajen shayi a ɗinka abin da bai faru ba. Har na ji ana cewa wai zaki ne ya cinye ƙanena. Babu zaki a ƙasar. Ga yadda abin ya kasance.

Ni manomi ne, ina noman zogale da barkono da ayaba a Jiratawa, iyalina kuma suna unguwar Zariya a cikin Maraɗi. Mu biyu muka rage wa Inna maza, ni da autanmu Iliya. Shi Allah ya ba kan karatu. Ya yi lakwal har Yamai, ya samu burs, wato tallafin karatu, ya tafi Kanada koyon aikin gandun daji, ya auri Baturiya, ya zauna. Shekara ashirin da wani abu, zuwansa gida bai cika yatsun hannu ɗaya ba. Inna kuma idonta ya tafi, sai da murya take gane mutum. Da Iliya ya kira ya ce zai aiko mini da biyen jirgi, wato tikiti, in je in gan shi, na so in ƙi saboda aikin gona. Inna ta ce, "Gona ba ta gudu. Tashi ka je ka gano mani abin da ya riƙe Auta."

Neman biza ya ci watanni, don paspor ɗina sai da ya je Dakar ya dawo. Ana cikin zafin bazara na hau kar ɗin asuba, babbar motar fasinja, daga Maraɗi. Inna ta sa an haɗa mini ƙunshi na kai wa Iliya: kuka, daddawa, yaji, da kilishi da ta aika musamman aka sayo mai kyau. A Konni taya ta fashe, muka zauna ƙarƙashin rumfar mai shayi har rana ta take. Jandarmomi sun sauke mu sun duba katin kowa ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Ban shiga Yamai ba sai da magariba, ƙafafuna sun kumbura.

A jirgi Allah ya haɗa ni da wata Hajiya 'yar Damagaram, za ta wajen haihuwar ɗiyarta. Ita ta koya mini ɗaura igiyar kujera da buɗe kwalin abinci, ita ta ja ni a Kazablanka lokacin da na bi wani layi da ba namu ba. Da ta ji ina ɗauke da kilishi sai ta riƙe baki. "Malam, ka cinye abinka tun a nan. Mutanen can ba su barin nama ya shiga." Na ce ba nawa ba ne, saƙon tsohuwa ce, ai za su gane.

Ba su gane ba. A filin jirgin Montriyal wani ɗan kare mai dogayen kunnuwa, sanye da riga irin ta ma'aikata, ya zo ya zauna gaban jakata ya ƙi tashi. Aka kai ni gefe. Wata ma'aikaciyar duwan, masu binciken kaya, ta sa safar hannu ta kwance ƙunshin. Da ta buɗe daddawa sai ta ja da baya tana tari. Na yi lakwal har aji shida, ina jin Faransanci, amma nasu ta hanci yake fita, sai ta faɗi abu sau uku kafin in kama. Kuka da yaji ta bar mini bayan dogon bayani. Kilishin ta ɗaga da yatsu biyu ta jefa cikin wata babbar leda mai launin rawaya. Na ce mata, "Madam, uwarsa ce ta aiko, makauniya ce." Ta ce ta yi baƙin ciki ƙwarai, kuma a fuskarta na ga da gaske take, amma ba ta ciro shi ba.

Iliya yana tsaye a waje da hular sanyi har kunne. Da ba shi ya kira ni ba da na wuce shi. Ya rame, kafaɗunsa sun sauka, haƙori ɗaya na gaba babu, jikinsa na warin hayaƙi da kifi.

"Yaya," ya ce, ya rungume ni. "Ka zo… ka zo lafiya? Ya hanya? Ya Inna?"

Hausarsa ta yi tsatsa. Zai fara magana ya tsaya yana laluben kalma, ya cike da Faransanci.

Muka shiga wata tsohuwar mota mai buɗaɗɗen baya, muka kama hanyar gabas, gefen wani kogi da yake ta faɗi har na daina ganin ɗaya gaɓar. Iliya ya ce daga nan kuma teku ce. Kwana biyu muna tafiya. Hanya sumul, babu shinge, babu mai talla, babu ko akuya. Mun tsaya wani gidan abinci na shiga na yi sallama na gaida mutanen da ke zaune, suka ɗago suka dube ni kamar na zo roƙo. Aka kawo mana soyayyen dankalin Turawa an kwarara masa romo da gutsattsarin cuku mai ƙara a haƙori. Iliya ya ce shi ne tuwon ƙasar. Na ci don yunwa. Mun kwana a wani masauki na bakin hanya inda ban ga mai gidan ba sam, makulli kawai muka tarar cikin akwati a jikin ƙofa. A ɗakin nan na ga ya fito da kwalaben giya daga jaka ya jera. A nan kuma ya gaya mini shi da matarsa sun daɗe da rabuwa, ɗiyarsu Sara tana jami'a a birnin Kebek, sukan gaisa ta waya.

"Shi ne ba ka faɗa wa kowa ba?"

"In faɗa a yi mini mi, Yaya?"

Washegari muka tsallake wani ruwa cikin jirgin da ke ɗaukar motoci, muka bi kwalta har ta ƙare, muka shiga ta tsakuwa. Inda ita ma ta ƙare, nan ne zangon da yake aiki.

Wuri ne tsakanin daji da teku. Bayanka itatuwa masu duhu, a matse kamar gero a dami, gabanka duwatsu da ruwan da in ka sa hannu sai ƙashinka ya amsa. Akwai 'yan ɗakunan katako, da fili inda baƙi ke kafa tanti. Iliya yana kwana cikin wani ɗaki mai taya, irin wanda mota ke ja, a can ƙarshe kusa da rumbun kaya. Nan aka shimfiɗa mini. Mai wurin wata tsohuwa ce, Madam Jinet, mijinta ya mutu, taba ba ta barin bakinta. Ta riƙe hannuna da hannu biyu ta ce, "Kai ne babban wan. Ɗan'uwanka ya fi kowa sanin dajin nan, amma ba ya cin abinci. Ka yi masa faɗa."

Lokacin a wurinsu wai bazara ce, ni kuwa da riga uku nake yawo. Rana ba ta faɗuwa sai ka gaji da jiranta. Abin da ya fi damuna wasu ƙananan ƙudaje ne baƙaƙe, ba su kai ƙwayar gero ba, su shiga kunne su shiga wuyan riga, in sun ciji mutum sai jini. Kwana ɗaya idona ya kumbura ya rufe. Dole na riƙa sa wata hula mai raga har wuya, kamar mai ɗiban zuma. Doka ta farko da aka karanta mini ita ce kada a bar abinci a fili, ko sabulu mai ƙamshi, komai sai cikin akwatin ƙarfe mai sakata. Na tambayi dalili. Iliya ya ce, "Saboda beyar."

Sunan nan a karatun majami'a kawai na taɓa jinsa, ban taɓa zaton zan ga mai shi ba.

Baƙin wurin iri biyu ne. Akwai masu kallo. Su da safe za su jeru a kan duwatsu da madubin hangen nesa, su yi shiru kamar ana addu'a, suna jiran wata dabbar teku da suke kira balen. Na gan ta da idona: baƙin baya ya taso daga ruwa, tsawonsa ya fi kar ɗin da ta kai ni Yamai, ya fesa ruwa sama da wani irin nishi, ya nutse. Akwai kuma wasu dabbobin masu kan kare da jikin kifi da ke kwance a duwatsu suna kuka. Sannan akwai masu farauta. Su da bindigogi suke zuwa cikin dogayen akwatuna, kayansu launin ganye. Da yamma duka ɓangarorin biyu a ɗaki ɗaya suke cin abinci, kowa da teburinsa, ba mai duban wani.

Aikin Iliya shi ne ciyar da beyar. Kowace safiya mukan loda wa mota bokitai: tsohon burodi da fanke da ake kwasowa daga gari, man suya da aka gama amfani da shi, ruwan rake mai kauri, da kan kifi da ya ruɓe. Mu shiga daji mu zuba cikin tano-tano, wato gangunan ƙarfe, da aka ɗaure da sarƙa a jikin itatuwa. Burodin nan da na gani ana zuba wa dabba, wallahi da a tashar Maraɗi aka ajiye shi da kafin ka juya ya ƙare. Wasu tanon suna gaban wata rumfa mai tsawo inda masu kallo ke zama. Wasu suna can wani yanki, kowane da kujera a ɗaure a saman itace, inda maharbi ke zama.

Da yammar farko ya kai ni rumfar masu kallo. Muka zauna ba motsi. Can sai ga ta, ban ji tahowarta ba ko kaɗan. Baƙa ƙirin, gashinta na sheƙi, girmanta ya kai ɗan maraƙi amma a ƙasa take, tana tafe tana rangaji. Ta tashi tsaye kan ƙafa biyu tana shinshina iska, tsayuwar mutum ce sak. Ta sa hannu cikin tano ta ciro fanke ta zauna kan gindinta tana ci. 'Ya'yanta biyu suka fito suna kokawa, ɗaya ya hau itace ya kasa saukowa yana ta ihu. Wata Bajamushiya kusa da ni tana ta share hawaye.

A hanyar komawa na ce, "Iliya, waɗannan da waɗanda ake harbi, ba su ne ɗaya ba?"

"Nan ba a harbi. Can ake harbi. Kuma mai 'ya'ya ba a taɓa ta."

"Su dabbobin sun san iyakar?"

Ya ci gaba da tuƙi.

Babanmu maharbi ne a Tibiri, tun kafin ya shiga bin Almasihu har bayan nan. Ni ban gaji abin ba, Iliya ne mai bin sa daji tun yana ƙarami. Na ce masa, "Baba yakan yi kwana da kwanaki yana bin sawun barewa da ƙafa. In ya kayar, unguwa duka ta ci. Ku kuwa ku ciyar da dabba wata guda har ta saba da hannunku, sannan ku ɗora baƙo a itace ya harbe ta tana cin abinci. Wannan farauta ce ko yanka?"

Ya tsayar da motar a tsakiyar hanya. "Yaya, kana tsammani ban sani ba? Ni na san kowace ɗaya. Na san mai tsagaggen kunne, na san mai ɗingishi. Aikin gwamnati na yi, aka rage ma'aikata. Matar nan ce kaɗai ta ɗauke ni."

"To ka taho gida mana. Ga gona, ga ɗaki. Inna kullum sai ta ambace ka."

"In taho da mi? Wanda ya tafi da burs, duk Tibiri ta raka shi tasha, ya dawo da jaka ɗaya da wawulo?" Ya tayar da motar. "Bari lokacin farautar nan ya wuce. Mu gani."

Cikin maharban akwai wani dattijo, Rober, wanda ya yi aikin sayar da tayoyi a Montriyal har ya yi ritaya. 'Ya'yansa ne suka haɗa suka biya masa farautar a matsayin kyauta. Mutumin kirki ne, wannan ba zan ɓoye ba. Shi kaɗai ne cikinsu yake zuwa ƙofarmu ya zauna. Ranar da na yi miyar kuka da garin masara na tuƙa tuwo, ya ci da hannu yana zufa saboda yaji, yana tambayata yadda muke ba gona ruwa. Na lura in ya ɗauki kofi hannunsa na rawa. Na gaya wa Iliya, ya ce ya gani, amma mutumin yana da takardar izini, kuma ya gwada harbinsa a allo ya samu.

Wata yamma aka ɗora Rober a kujerarsa, ni da Iliya muka koma mota muna jira. Rana ta yi ƙasa sai muka ji harbi ɗaya. Bayan shi sai wani kuka. Jama'a, na ji kukan raƙumi ana yanka, na ji na kura, ban taɓa jin irin wannan ba. Kamar babban mutum ne aka danne yana kiran a cece shi. Iliya ya rufe ido ya ce, "A ciki ya same ta."

Muka tarar da Rober ya sauko, fuskarsa ta yi fari fat. Jini a gindin tano, baƙi-baƙi, da ɗan abin ciki. Dabbar ta shige kurmi. Iliya ya duba ya ce ba mai bin ta yanzu, a bari sai da safe, kafin nan ta kwanta.

Da gari ya waye ya ce wa Rober ya zauna a zango. Rober ya ƙi. Ya ce shi ya jawo mata wahalar nan, shi ya kamata ya ƙarasa ta, ba zai iya duban 'ya'yansa ba in ya bar wa wani. Suka yi ta ja, daga ƙarshe Iliya ya ce to, amma ya tsaya a baya, kuma kada ya ɗaga bindiga sai an ce masa. Ni ma na ce zan bi. Iliya ya ce, "Kai kuma Yaya ka tsaya bayan kowa."

Muka bar mota a bakin hanya muka shiga. Dajin nan ba irin namu ba ne da kake hango mutum daga nesa. Ƙasa kamar soso, ƙafa na nutsewa, rassa na dukan fuska, matattun itatuwa sun faɗi kan juna. Iliya na gaba a sunkuye, yana nuna ɗigon jini a ganye, wani wuri inda ta kwanta ta tashi. A nan na ga ɗan Baba. Tafiyarsa ma irin ta Baba ce, ba ka jin takunsa. Mun yi nisa sosai, har na daina sanin ta ina muka shigo.

Sai ya ɗaga hannu muka tsaya. Gabanmu wata katuwar itaciya ce da iska ta tumɓuke, saiwoyinta a sama, ƙarƙashinta rami mai duhu. Ban ga komai ba sai da ramin ya motsa. Ta fito da gudun da ban zaci mai rauni na da shi ba, kai a ƙasa, tana wani irin gurnani. Iliya ya harba. Kusan tare na ji wani harbin a gefen kunnena, har na kurumce. Dabbar ta kife, ta mirgina, ta tsaya dab da ƙafafunsa. Na ce, "Alhamdu lillahi," kamar yadda bakin kowane ɗan Maraɗi ya saba. Sai na ga Iliya ya zauna a ƙasa a hankali, kamar wanda ya gaji.

Harsashin Rober ya shiga ta bayan cinyar Iliya, can sama kusa da gindi, ya fita ta gaba. Jini na tsartuwa. Na zare ɗamarar wandona na ɗaure, amma raunin ya yi sama da yawa, babu inda za ta kama. Na tuɓe riga na cusa na danna da gwiwa. Rober ya yar da bindiga yana ta faɗin, "Allahna, Allahna." Waya babu rezo, ba ta kamawa a dajin. Iliya da kansa, cikin natsuwa, ya gaya wa Rober ya bi jan ƙyallen da ya riƙa ɗaurawa a rassa har mota, akwai rediyo a ciki, ya kira Madam Jinet. Tsohon ya ruga yana faɗuwa yana tashi.

Muka rage mu biyu, da gawar dabbar a gefenmu tana tururi.

Abin da ya ba ni mamaki, Hausarsa ta dawo. Ba laluben kalma, ba Faransanci, irin ta Tibiri tsantsa, yadda muke yi muna yara.

"Yaya, ƙudajen ga. Kore mani su."

Sun taru masa a ido da baki. Hannuna biyu suna kan raunin, sai na sunkuya ina hura masa iska a fuska.

"Ta mutu?"

"Ta mutu."

"Mai tsagaggen kunne ce?"

Na leƙa. "Ita ce."

Ya ce, "Tun tana ƙarama nike ba ta abinci." Sannan ya ce yana jin sanyi. Na jawo shi jikina yadda na iya ba tare da na saki cinyar ba. Ya tambaye ni ko rijiyar ƙofar gidanmu tana nan, na ce an rufe ta tun da aka kawo pampo. Ya ce ash. Ya ce in ce wa Rober kada ya kashe kansa da tunani. Na fara yi masa addu'a, yana cewa amin, amin, har na zo wani wuri na ji ni kaɗai nake magana.

Jirgi mai saukar ungulu ya zo. Sun yi ƙoƙarinsu, sun sa masa ruwa, sun danna ƙirji. Ni na riga na sani.

Polis sun yi mini tambayoyi da ladabi, aka kawo mini bargo da kofi. Rober ya zo ya durƙusa gabana a kan tsakuwa, babban mutum, yana kuka kamar yaro. Na gaya masa saƙon Iliya. Ban iya ƙara komai nawa a kai ba, kuma har yau ban iya ba. Maganarsa tana hannun shari'arsu. Da yammar ranar, ina zaune a ƙofar ɗakin Iliya, na ga wani ma'aikaci ya kwashi masu kallo a mota zuwa rumfa, da madubansu a wuya. Sun riga sun biya, an ce. Na kira matata da paston Tibiri, na ce su tara dattawa su je su faɗa wa Inna.

Sara ta iso washegari tare da uwarta. Doguwa ce, goshin Inna ne da ita sak, ba ta jin Hausa ko ta gaisuwa. Suka zaunar da ni suka ce sun shirya za a ƙone gawar, a ba ni tokar a ɗan tulu in kai gida, wai haka ya fi sauƙi. Na ɗauka ban ji Faransancin daidai ba, sai da suka maimaita. Na ce, "Ni in shiga Tibiri da ƙanena a cikin jaka? In ce wa uwarsa ga shi nan, mun gasa shi?" Muryata ta tashi har uwar Sara ta tsorata. Madam Jinet ce ta kashe tabarta ta ce akwai wuri kusa da mijinta a maƙabartar ƙauyen, wanda ta ajiye wa kanta. A sa shi a nan, ita ta nemi wani.

A gidan masu shirya gawa na roƙa a bar ni in wanke shi da hannuna. Suka yi ta duban juna, daga baya suka ba ni safar hannu da riga, suka fita. Mota mai haƙa ce ta tona kabarin, ba mutane ba. Mu da muka tsaya a kansa ba mu cika benci biyu na majami'a ba, iskar teku na kaɗa mu. A gida da Tibiri ta cika, Kirista da Musulmi, har mutanen Jiratawa da sun zo a kamiyo, babbar motar kaya. Sara ta kama hannuna ta ce, "Tonton," wato baffa, "ka faɗi wani abu da harshensa." Na buɗe baki na yi addu'ar da muke yi, babu mai cewa amin sai ita, a inda bai kamata ba. Bayan nan aka koma zango aka ci burodi da nama mai sanyi a tsaye, kowa ya kama gabansa.

Sara ce ta kai ni filin jirgi, kwana biyu a mota, tana tambayata sunayen dangi ɗaya bayan ɗaya tana maimaitawa. Ta ce za ta zo. Ban sani ba.

Da na sauka a Maraɗi ban biya gidana na unguwar Zariya ba, na hau kabu-kabu kai tsaye zuwa Tibiri. Inna tana ɗakinta a kan tabarma, mata sun kewaye ta. Da ta ji sallamata ta ce kowa ya fita. Na zauna na ba ta labarin nan duka, yadda na ba ku, ban rage giyar ba, ban rage rabuwar auren ba. Ba ta katse ni ba. Da na gama ta ce, "Wa ya wanke shi?"

"Ni, Inna."

"Kai kaɗai?"

"Ni kaɗai."

Ta gyaɗa kai. Ta daɗe tana murza bakin zanenta, sannan ta ce, "Da ka cire mashi hula, yaya kansa yake?"

Na ce, "Furfura ce, Inna. Fari fat, ya fi ni."

Sai ta yi dariya, 'yar gajeruwa, irin wadda takan yi in yaro ya yi abin ban mamaki. "Auta da furfura," ta ce. "Ji mani yaron ga." Ta sake faɗa a hankali. Daga nan ta ja zanen ta rufe fuskarta, ta juya wajen bango, ta ce in je in ci abinci.